Na Ba Tela Amanar Lemon Matata, Ya Sa Masa Zarto

Inna Mai Lambu,

Ki taimake ni da shawara, don Allah, kafin magini ya zo. Na riga na sa an sauke mini bulo a ƙofar gida, kuma zuciyata ba ta gaya mini alheri. Na kira ki Inna yadda kowa ke kiranki a wannan fili, ko da yake ina zaton in aka baje shekaru a faifai zan ba ki 'yan kai. Ni tsohon bakanike ne, hannuna ya fi sanin sifana a kan alƙalami. In kin ga na zaga ta bayan gari kafin in iso kasuwa, ki yi haƙuri. Kakar da ta raine ni ba ta taɓa fara tatsuniya daga inda kura ta faɗa rijiya ba, sai ta faro daga ranar da aka haƙa rijiyar.

A tsakar gidana, tsakanin famfo da katanga, akwai itacen lemon zaƙi guda ɗaya. Mai ɗakina ce ta dasa shi, Allah ya jiƙanta. Ta sayo shi ne ɗan ƙarami a baƙar leda wajen masu sayar da dashe a bakin titi, ta riƙo shi a cinya cikin bas har gida, ta ƙi yarda a sa mata shi a but cikin kaya. Ta zaɓar masa wurin da ranar safe ke faɗowa, daidai inda katangarmu ta gajarta. Ni ban san komai game da shuka ba. Nawa dai in dawo daga gareji, in wanke hannu da garin sabulu, a miƙo mini lemo a yanke. Lemo ne mai siririn ɓawo, ruwa kamar an ɗura masa da mazurari, zaƙinsa kuwa ba na cika baki, duk layinmu an san shi. Nakan gan ta lokaci-lokaci ta durƙusa a gindinsa tana murza jikin itacen da babban yatsa, can ƙasa-ƙasa, kamar mai kashe tururuwa. In ce mata ko ƙaiƙayi yake ji ne ake yi masa susa? Ta ce in je in ji da motocina.

Shekara uku ke nan da ta rasu. Yara duk sun watse gidajensu, gareji na bar wa masu ƙarfi a jika, sai ya zama daga ni sai rediyo sai lemon nan. Na ce to, abin da ta bari ba zai mutu a hannuna ba. Da na duba shi da idon bakanike, sai na ga wani kumburi a gindinsa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, mai tabo a kewaye, kamar gwiwar tsoho. A sana'armu in ka ga wuri irin wannan ka san nan ne rauni, nan abu zai karye. Sai na tara ƙasa na rufe masa gwiwar, na yi masa tudu mai kyau.

Shekarar farko itacen ya yi ta fama kamar mai gidansa. Can sai ga wasu rassa uku sun fito daga ƙasan gwiwar, ɗaya ma ta cikin tudun ya ɓullo. Inna, ban taɓa ganin girma irin nasu ba. Miƙaƙƙu kamar sanda, ganye kore shar, ƙaya dogaye kamar allurar buhu. Kafin ki ce me, sun wuce tsofaffin rassan, sun wuce katanga. Na sa musu suna samari. Kullum da safe in fito da kujera in zauna ina kallonsu, in ji kamar ita ce ta aiko mini da gaisuwa, tana cewa gidan bai mutu ba. Tsofaffin rassan kuwa sai ƙanƙancewa suke, ganyensu na raguwa, na ce ai haka duniya take, tsoho ya matsa yaro ya wuce. Bara samari suka yi 'ya'ya. Gaskiya ba su yi kama da na da ba: ɓawo mai kauri da gurje-gurje, tsami kuwa sai ka runtse ido ka kira sunan uwarka. Jikokina suka ce Kaka wannan ai hukunci ne. Ni dai na ce itacen ma jimami yake yi, in ya huce zaƙi zai dawo.

Yanzu bari in kawo miki Tela. Maƙwabcina ne katanga ɗaya, mun haura shekara talatin tare. Wurin da na ce katanga ta gajarta, ruwan sama ne ya taɓa cinye shi tun muna da baƙin gashi, kowa ya ce ɗan'uwansa ya gyara, har muka gane ya fi mana amfani a haka. Ta nan shayi ke ƙetarawa, ta nan nake miƙa masa man keke, shi ya miƙo mini wandon da ya rage wa ƙugu. Yana kirana Baƙin Mai, ina kiransa Mai Almakashi. Ranar da mai ɗakina ta cika, shi ne mutum na farko da ya shigo, ya zauna kusa da ni har na iya tashi. Ki riƙe wannan, don kada ki ɗauka da maƙiyi nake.

Tun da idonsa ya daina zura zare ya koma lambu, ya cika bayan gidansa da tukwane da tsofaffin bokitai, tumatir ne, gwaiba ce, har ya fara ji da kansa. Sau biyu yana jingina a katanga yana ce mini samarin nan ɓarayi ne na ajiye a gida ina ciyarwa, in bari ya yi musu aski. Na ce masa tela dai in ya ga yadi a shimfiɗe hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ya tsaya a kan tumatirinsa. Ya ce bakanike in ya ga abu yana gudu sai ya ce lafiya ce, ko da gangara motar ta samu birki ya tsinke. Muka yi dariya, muka sha shayi. Na ɗauka magana ta mutu.

Sai yanar ido ta rufe ni, duka biyu. Autata, wadda take aiki a wani gari, ta zo ta tattara ni ta kai ni asibitin can, aka yi mini ɗaya, aka jira, aka yi ɗayan. Na kusa wata biyu ba na gida. Kafin in tafi na ba Tela mabuɗi, na ce masa ruwa kawai, ban da ruwa kada ya taɓa komai. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ko busasshen ganye ba zai cire ba. Da bakinsa ya faɗa, Inna, kunnena kuwa ba a taɓa yi masa aiki ba.

Shekaru ina kallon duniya kamar ta gilashin motar da ta yi doguwar tafiya. Ranar da aka wanke mini gilashin na dawo gida da murna, na buɗe ƙofa, abin da na fara gani tar da sabon idona shi ne kututture uku. An yanke samari tun daga tushe, da zarto, yanka mai tsafta irin na wanda ya natsu ya auna. An kwashe tudun da na tara, gwiwar nan tana waje tsirara. Abin da ya rage 'yan tsofaffin rassan nan ne kamar kazar da aka fige, su ma na ga an ɗan cire musu wasu sirara. An share tsakar gida tas, ko ƙaya ɗaya ba a bar mini in riƙe ba. Da ma likita ya bar ni da yanata.

Ina tsaye sai ga kansa ta katanga, da kofin shayi, yana cewa barka da ido Baƙin Mai. Na ce ya ba ni mabuɗina. Ya ce in zage shi iya son raina, ya cancanta, amma in zauna ya yi mini bayani, baɗi war haka zan sha lemo in gode masa. Na karɓi mabuɗi na shige ɗaki. Kofin ya kwana a kan katanga har ƙudaje suka gaji da shi.

Wannan duk bai kai na biyun ciwo ba. Na kira Auta in kai mata ƙara, sai na ji ta hau ba ni haƙuri irin na wanda ya riga ya san labari. Ashe ina kwance da auduga a ido ya kira ta a waya, ya ce in ba a yi yanzu da ba na nan ba, ba za a taɓa yi ba, ita kuma ta ce Baba Tela ya yi abin da ya ga ya dace, kada dai a gaya mini saboda hawan jinina. Hannun da take ɗiga mini magani a ido da shi, da shi ta riƙe wayar. Kullum in tambaye ta ko ta ji labarin samarina, ta ce lafiyarsu lau Baba. An mai da ni kayan ɗaki, ana shawara a kaina ina zaune. Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarta ba.

Akwai na uku. Sabon ido bai iya zama wuri ɗaya ba, na leƙa ta katanga wata safiya da na ji ya fita. Bayan tankin ruwansa na hango tukwane a jere, kowacce da ɗan dashen lemo siriri, an naɗe masa jiki da tsinken leda, naɗi mai kyau kamar kalmasar bakin riga, kuma daga cikin naɗin ɗan toho na leƙowa. Nan na gane inda siraran rassan marigayiya suka tafi. Dama tun tana raye ba ya gajiya da yabon lemon nan. Ya kashe nawa, ya kwashi iri ya kai gidansa. In wannan ba cin amana ba ne, to ban san sunansa ba.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Na shafe kututturen uku da baƙin mai, don na san duk inda ya shiga tsatsa da ƙwaro ba sa zama. Na mayar da tudun ƙasa, har ya fi na da. Ina ba shi ruwa safe da yamma sai ya kwanta a gindi. Na sayo takin zamani na zuba masa cikin hannu biyu a jikin gindin don ya samu ƙarfi. Amma ganyen da ya rage sai rawaya yake yi yana zuba, kuma da na ɗan tona tudun na ga wani ƙaro yana tsatsowa daga ɓawon. Abin da ke riƙe da ni kawai, wasu 'yan toho sun fara fitowa a gefen kututturen.

Ki gaya mini yadda zan sa samarina su dawo da wuri. Ki gaya mini ko ina da hakkin in shiga in tumɓuke tukwanen nan, tunda abin da ke ciki na matata ne. Katanga kuwa zan ɗaga ta sai ta wuce kan mutum mai tsayi. Ita kuma Auta, ban san me zan yi da ita ba, jinina ce.

Naki,
Tsohon Bakanike da Aka Yi Wa Aski Ba Ya Nan


Yaya Bakanike,

Tunda ka ce ka girme ni, na karɓa, kuma ƙanwa tana da damar faɗa wa yayanta abin da wasu za su ji nauyi. Allah ya jiƙan mai ɗakinka, ya ƙara wa idonka lafiya. Ka ajiye jaridar nan tukuna ka je ka rufe famfo. Maganar Tela za ta iya jira har gobe, itacen ne ba zai iya ba.

Saiwa tana numfashi, Yaya. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ramuka da iska ke zama, in ruwa ya kwanta kullum sai ya cike su, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa itacen da aka cika wa ruwa yake yin kama da mai jin ƙishi, mai shi kuma ya ƙara masa. Kai da ka san abin da ke faruwa in mai ya yi wa inji yawa, ba sai na ja maka ba. Ga shi kuma ganyensa ya ragu, kuma ta ganye itace ke fitar da yawancin ruwan da ya sha, don haka buƙatarsa yanzu ba ta kai rabin ta da ba. Ka tura yatsa cikin ƙasa har ya nutse, in ka ji danshi ka bar shi. In ta bushe ka ba shi sosai sau ɗaya, can daidai inda bakin rassa ya tsaya, domin a nan ƙananan saiwoyi masu sha suke, ba a jikin gindi ba.

Tudun nan ka kwashe shi yau da hannu, a hankali, har sai ka ga inda gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa. Ɓawon gindi an yi shi don iska ne, in ya daɗe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ciwo yake kamawa, ƙaron da ka gani kukansa ke nan. Ka kwashe takin tare da ƙasar, don gishiri ne, ƙona saiwa mai rauni yake yi. Marar lafiya ba a fara masa da nama. Baƙin mai kuwa ƙarfe yake yi wa rana. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn sashe mai rai, shi ke rufe rauni da kansa in an bar shi ya sha iska, mai kuwa kashe shi yake. Ka sake yanke kututturen ƙasa da inda man ya kai, daf da jiki, ka kankare ƙasar da ya ɗiga a kai ka fitar da ita daga gidan. Rassan da suka saba da inuwar samari yanzu rana na dukansu kai tsaye, ka shafa musu farar ƙasa da aka tsinka da ruwa. In ka ga ruɓar ɓawon tana neman zagaye gindin, ka nemo malamin gona ya gani da idonsa.

Yanzu gwiwa. Ka ce idon bakanike ya nuna maka rauni. Da ka ƙara dubawa da ka ga walda ce. Lemon da ake sayarwa a leda yawanci ɗan aure ne, wato itace biyu aka haɗa. Na ƙasa wani lemo ne mai taurin rai, mai jure ƙasa da cuta, amma 'ya'yansa tsami da kaurin ɓawo. A jikinsa ake dasa idon reshen lemo mai zaƙi, wato gurbin da toho ke fitowa, a naɗe har su kama juna. Daga gwiwa zuwa sama shi ne lemon da layinku ya sani. Duk abin da ya fito daga gwiwa zuwa ƙasa na ɗayan ne, kuma ko shekara ɗari ya yi ba zai huce ya yi zaƙi ba, don ba fushi yake ba, halinsa ne.

Ruwa daga saiwa yake hawa ta cikin itace zuwa ganye. Ganye ne ɗakin girki, yana haɗa ruwan da iska da hasken rana ya dafa abincin da ke gangarowa ta ƙarƙashin ɓawo ya ciyar da kowa har saiwa. Samarinka sun zauna a bakin hanya, su ke fara tare ruwan kafin ya haye walda, sannan suka miƙe suka tare rana. Tsofaffin rassan ba tsufa ke cinsu ba, yunwa ce. Da an bar su haka, wata rana za ka wayi gari da ƙaton itace kore shar wanda babu ko reshe ɗaya na mai ɗakinka a jikinsa. Kada ka ɗauki maganata kawai. Ka murza ganyen sabon tohon nan ka sansana, ka murza na sama ka sansana, hancinka zai raba maka gardama.

Ka kuma koma ka karanta abin da ka rubuto mini da hannunka, inda ka ce kakan gan ta durƙushe tana murza gindin da babban yatsa. Ba tururuwa take kashewa ba. Samarin nan take murjewa tun suna kamar ƙwayar shinkafa, shekara da shekaru, shi ya sa ba ka taɓa ganinsu ba sai da ta tafi. Don haka tambayarka ta farko ba zan amsa ta yadda kake so ba. Ba zan koya maka dawo da abin da ta ƙare rayuwarta tana korewa ba.

Wannan bai wanke Tela ba. A kan itace yana da gaskiya, a kan amana ba shi da ita. Ya nemi izini ka hana, ya ɗora hannu a ƙirji, sannan ya jira sai da aka rufe maka ido. Gaskiyar da aka shigo da ita ta taga, mai gida yana da hakkin ya kira ta ɓarauniya. Abin da ya kamace shi, ya kamo hannunka ya ɗora a kan gwiwar nan ya yi maka bayanin da na yi maka yanzu, ko da za ku yi wata kuna faɗa, maimakon ya tsaya a ba'ar ɓarayi a bakin katanga. A aikin ma ya yi gaggawa: rassa manya irin waɗannan ni da ɗaya bayan ɗaya zan rage su, don kada itacen ya rasa inuwa da ganye a rana guda. Fushinka halal ne. Sai dai kai ma sau biyu ana ƙwanƙwasa maka ƙofa kana mayar da abin wasa, kuma ranar da ya ce ka zauna ya yi bayani, mabuɗi ka tambaya.

Tukwanen nan kada ka taɓa su. Ban san zuciyar Tela ba, ban san ko don kansa ya yi ko don ya ga itacen na tangal-tangal ya ce bari a ajiye wani abu a gefe. Shi za ka tambaya, kuma ɗiba ba da izini ba laifi ne ko da niyyar ta yi kyau. Amma ka san abin da ke cikinsu. In ka shuka ƙwallon lemo, ba ka da tabbacin abin da zai fito. Idon reshe kuwa ba ɗan itacen ba ne, itacen ne da kansa a kan sabuwar ƙafa. Ni kuma ba zan yi maka alkawarin cewa na tsakar gidanka zai tashi ba, bayan ruwa da taki da baƙin mai. Ka kankare ɓawon wani reshe kaɗan da farce, in ka ga kore akwai rai, ina kuma sa ran akwai. In kuwa ya ƙi, lemon mai ɗakinka duk duniya babu shi sai a bayan tankin mutumin da kake shirin tumɓuke wa tukwane.

Bulo kuma ka ba magini haƙuri. Kai ka gaya mini ta wurin da katanga ta gajarta ranar safe ke faɗowa, kuma don haka ta zaɓi wurin. In ka ɗaga katanga ta wuce kan mutum, Tela zai rasa abokin shayi, lemo zai rasa abincin safe, kuma lemon ne ba shi da ƙafar zagayowa ta ƙofa. In hannunka na ƙaiƙayin gini, ka jera bulon nesa da gindin ka yi wurin zama.

Ga abin da nake ganin ya dace. Ka kira shi ta katangar nan, ka gaya masa a fili cewa ya karya alkawari kuma ya yi maka ciwo, ba da wasa ba, ba da Mai Almakashi ba. Ka bar shi ya ba ka haƙuri da cikakken baki, don bashinka ne. Sannan ka ce tukwanen na gidanka ne, kai za ka raba: ɗaya ta dawo tsakar gidanka, ɗaya ta tafi wa Auta, in ka ga dama ka bar masa ɗaya, wannan karon da izini. Ka kuma sa shi ya riƙe maka zarto wajen gyaran kututturen, tunda ka shaida yankansa na da tsafta.

Auta kuwa ka ɗaga wayarta yau. Ta yi maka ƙarya, ka gaya mata ba ka so, kuma kada a sake yanke hukunci a kan kayanka kana numfashi. Amma ka tuna yarinyar da ta rasa uwa ce, aka ce mata ga abin da zai ceci itacen uwarta, ga kuma uba kwance da hawan jini. Ta zaɓa cikin tsoro, ba cikin raini ba.

'Yan tohon da ka ce su ke riƙe da kai za su yi ta fitowa, bana da baɗi da bayan baɗi, don na ƙasa ba ya gajiya. Duk bayan 'yan kwanaki sai ka durƙusa a gindin, ka nemo su tun suna ƙanana, ka murje su da babban yatsa. Gwiwarka za ta yi ƙara, na sani, tawa ma tana yi. In wani ya leƙo ta katanga ya tambaye ka ko ƙaiƙayi itacen yake ji, ka san amsar da ake bayarwa.

Allah ya raya lemon, ya huci zuciyarka, ya sa ka sha zaƙinsa da sabon idonka a buɗe.

Taka,
Inna Mai Lambu